Ranar da Aka Liƙa Kafet a Kwatas ɗin Maiyama

Dariyata ce ta fara ba ni tsoro. Ina durƙushe a tsakiyar falo da kwalbar lemo a hannuna, ina murza ta a kan sabon kafet, ruwan sama yana dukan kwanon rufi, sai na ji wata tana ƙyalƙyala dariya a ɗakin. Na waiwaya, babu kowa. Ashe ni ce. Harshena ya yi nauyi kamar an cusa mini auduga a baki, kunnuwana suna ƙugi, furannin da ke jikin kafet ɗin suna buɗewa suna rufewa. Na ajiye kwalbar, na dafa cikina don in miƙe, a nan ne dariyar ta ɗauke cak. Cikin wata bakwai ke gare ni, kuma abin da ke cikin mai ƙiriniya ne, ko sunkuyawa na yi sai ya harbe ni don ya nuna bai yarda ba. To tun yaushe nake durƙushe? Ban sani ba. Abin da na sani kawai, tun da na rufe tagogin nan ban ji shi ba.

Kun tashi kuna jin labarin wannan rana daga bakin Baffanku Bube, yayan babanku, kuma yadda ya ba da shi haka kuka riƙe. Har yau in tela ya ɓata muku ɗinki sai ku ce ya yi aikin Tukur, ku yi dariya, ni ma in yi murmushi in kau da kai. Malam Tukur mai kafet ya rasu da daɗewa, ban taɓa wanke shi a gaban kowa ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan.

Ba a daɗe da yanke Jihar Kebbi ba aka mayar da babanku sakatariyar ƙaramar hukuma a Maiyama, aka ba shi ciki da falo a sabon kwatas. Ginin ko warin fenti bai saki ba, daɓen siminti kuwa a tsakiyar damina aka zuba shi. Ni a lokacin yarinya ce, ban fi shekara da gama sakandare ba, kuma 'yar Aliero ce gaba da baya. A gidanmu albasa ce magana, safe da yamma. Gwaggonnina ba su taɓa ɓoye mini ba cewa a ganinsu na yi wauta da na bar manoma masu rumbunan albasa na auri mai biro, wanda ko ɗan fili ba shi da shi a fadama. Ranar Jumma'ar wannan mako su ne za su zo tare da Inna su tafi da ni goyon ciki, in zauna a gida har in sauka, kamar yadda ake wa kowace mai cikin fari. Wannan ne zuwansu na farko Maiyama. Na taɓa shiga ɗakin matar wani babba a kwatas ɗin, na ga kafet daga bango zuwa bango, a liƙe, ba ya motsi, na ga yadda mata ke tuɓe takalmi tun daga nesa. Tun ranar na ƙudurta a raina cewa ƙafar Gwaggo Asabe sai ta nutse a irin wannan a ɗakina. Na yi ta yi wa babanku naci har ya sayo jan kafet mai furanni a kasuwar Jega, ya kuma yi magana da mai liƙawa.

Malam Tukur dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Ranar Talata da ya zo bai ko kwance kafet ɗin ba. Wata 'yar leda ya shimfiɗa a kan daɓen, ya danne gefunanta da duwatsu, ya ce kada a taɓa, ya hau babur ya koma Jega. Na ji haushi, na ce a raina wannan wane irin ma'aikaci ne. Washegari ya dawo, ya tarar da Baffanku Bube ya biyo da a-kori-kurarsa ta ɗaukar albasa. Kun san tsakanin mace da yayan mijinta, ni ko ido ba ma haɗawa, sai na shige uwar ɗaka na saki labule, ina jin su. Malam Tukur ya ɗaga ledar ya nuna musu bayanta.

"Ku duba nan. Daɓen ga zuhwa shika yi. Bai bushe ba."

"To mi za a yi?" in ji babanku.

"Gam iri biyu na. Akwai hwari, da ruwa aka haɗa shi, ba shi da wari, shi nika so ma ɗakin da mutane ka kwana. Amma ba shi kama daɓe mai sanyi, sati guda kafet ya tashi, ya yi hunhuna ta ƙasa. Sai a jira ruwa su ɗauke. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, irin na masu takalmi. Wanga yanzu-yanzu shika kamawa, ko bisa zuhwa shina ɗan jurewa. Sai dai mugu na, ɗan'uwan sholisho na."

"In kai na, wanne za ka ɗauka?"

"In ni na, ko ɗaya. In shimhiɗa muku shi hakanan, ku danne da kujeru, bayan damina in zo in liƙe da hwarin."

Baffanku ya yi dariya ya ce, "Kai Tukur, an kira ka aiki kana koran aiki. Tahiya biyu kaka so a biya ka?"

Malam Tukur ya naɗe ledarsa. Babanku ya ɗaga labule ya shigo, ya tsuguna kusa da ni, ya tambaye ni a hankali ko a shimfiɗa hakanan ɗin. Na san idan ba a liƙe ba gefen zai riƙa naɗewa, ƙafar wata ta ja shi, daɓe ya leƙo, Gwaggo Asabe ta ce ashe aro aka yi. Ban yi dogon tunani ba.

"Jibi su Inna za su zo," na ce. "A sa mai kamawa."

Ku lura da kyau, ni na zaɓa. Ba Tukur ba, ba babanku ba. Da babanku ya fita ya faɗa masa, sai na ji dattijon ya yi tambayar da har in mutu ba zan manta ba.

"To ku gahwarce ni. Gidan ga akwai jinjiri? Ko mai juna biyu, ko mai ciwon ƙirji?"

Ta gefen labule ina hango ƙafafun babanku. Ya sunkuyar da kai yana murza yatsan ƙafa a daɓe. Ta yaya zai buɗe baki a gaban yayansa ya ce matarsa tana da ciki, cikin fari kuma? A tashinmu ba a yin haka. Ni kaina ko ga Inna ban taɓa furta kalmar ba, ita ta gani da idonta ta yi shiru, ni ma na yi shiru, aka ci gaba da shiri. Baffanku ya sani sarai, amma shi a wurinsa wannan ba zancen da baƙo zai ji ba ne.

"Ango da amarya na," ya ce. "Wane jinjiri? Yi aikinka."

Ina bayan labule, taku uku tsakanina da su. Tari kawai da na yi, ko na aika babanku ya ja shi gefe, da an fasa. Ban yi ba. Malam Tukur bai taɓa ganina ba sai a lulluɓe cikin babban mayafi, daga nesa.

Ranar Alhamis da hantsi ya zo da gwangwani biyu. Ina zaune a ƙofar maƙwabciyata Maman Yohana, malamar firamare ce 'yar Zuru, ranar ta tafi makaranta ta bar mini kujera a inuwa. Daga can nake kallonsa ta taga. Ya share daɓen sau biyu, ya shafa gam ɗin da wani ɗan faifan ƙarfe a ƙasa, ya shafa a bayan kafet, ya fito waje ya tsaya yana shan iska har sai da ya taɓa da yatsa ya ji ya yi danƙo, sannan ya koma ya kwantar, yana bi yana dannawa. Ƙyalle ya ɗaure a hanci, duk da haka kowane ɗan lokaci sai ya fito yana lumshe ido. Warin har inda nake yana isowa, kamar fetur da aka zuba wa sukari. Da ya gama ya buɗe tagogi duka biyu da ƙofa, ya sa dutse ya tokare, ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya, don babanku yana ofis.

"Uwar gida, a bar su buɗe. Kada kowa ya shiga sai gobe, yau ku nemi wurin kwana. Kada a kai wuta kusa, ko garwashin turare. In kun ga wani wuri ya kumbura ku ƙyale shi, ni za ni dawo."

Ya bar gwangwani ɗaya da ya ƙare a bakin ƙofa. Na ɗauka na juya shi. Na yi makaranta, na iya karanta Turanci, kuma na karanta gargaɗin da ke jiki tun daga sama har ƙasa, na ga hoton harshen wuta. Ba zan ce muku ban sani ba.

Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa tagogin, yayyafi yana shiga ta gefen da suke. Na tuna maganar zufa da hunhuna, na ce shi ke nan, ruwa zai jiƙa kafet, gam ya saki, gobe su Inna su tarar da ɓarna. Na shiga da gudu na ja tagogin na sa sakata, na janye dutsen na tura ƙofa don iska. Nufina in rufe in fita. Sai na hango wani wuri a tsakiya ya ɗan kumbura, kamar tafin hannu. Na ce bari in danne wannan kawai. Na ɗauko kwalba na durƙusa. Ina gama shi na ga wani a gaba. Warin da farko ya ƙona mini hanci, daga baya na daina jin sa, har ya fara yi mini daɗi. Hancina bai fi taƙi ɗaya daga kafet ɗin ba.

Yadda na fita ban sani ba. Maman Yohana ta ce da ta dawo daga makaranta a cikin ruwa ta same ni, da rarrafe, a bakin kwata ina amai. Ta kama ni ta kai ɗakinta, ta canza mini zane, ta buɗe ƙofa iska tana dukan fuskata, ta dama madara ta ɗura mini. Ta koma ta bankaɗe tagoginmu tana riƙe da numfashi, ta dawo tana tari tana faɗa.

"Luba, kashe kanki za ki yi a kan darduma? Ni da na leƙa kawai kaina ya juya!"

Kaina yana sarawa kamar ana fasa itace a ciki, amma ba shi ne damuwata ba. Na kwanta a gefen hagu na sa hannu ƙarƙashin zane, na ɗan danna inda ya saba tokarewa. Shiru. Na danna ɗaya gefen. Shiru. Cikin ya yi mini nauyi wani iri, kamar an ba ni ajiyar dutse. Maman Yohana haihuwarta huɗu, ta ga inda hannuna yake.

"Yaron yana motsi?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Ke nake tambaya. Ni mace ce 'yar'uwarki. Yana motsi?"

"Lafiya lau," na ce.

Wallahi haka na ce. Bakina ya ƙi. Gani nake in na faɗa na yi rashin kunya biyu, na ambaci cikin, na kuma tona abin da na yi da hannuna. Kuma can ƙasan raina ina jin in ban furta ba bai zama gaskiya ba. Ta dube ni ta daɗe, ta kawo ruwan randa mai sanyi da sukari ta ce in shanye, wai yana tayar da su. Na shanye. Na yi ta ƙirga numfashina ina jira. Aka kira la'asar, lokacin da ya fi kowane lokaci tsalle-tsalle. Ko alama.

Bayan la'asar babanku ya dawo, Baffanku ne ya sauke shi, ya fito da kaya daga wajen Giwa Tazo zai wuce Jega. Suka tsaya a ƙofar Maman Yohana, ta ba su labari. Babanku ya leƙo fuskarsa duk ta sauya.

"Luba, ƙaƙa jikin?"

"Da sauƙi."

"Kina ganin daidai? Kin san ni?"

Na gyaɗa kai. Na ji Baffanku daga waje yana cewa alhamdu lillahi, tunda ta yi amai ai dafin ya fita, a ba ta fura ta kwanta. Babanku ya tsaya yana kallon hannuna da ke kan zane. Na san abin da yake son tambaya, ya san na sani, yayansa kuma yana tsaye a bayansa. Ya haɗiye, ya saki labule. Na ji takunsu suna tafiya wajen mota, na ji an buɗe ƙofa an rufe. Katin awona a asibitin Jega yake, kuma bayan irin wannan ruwa ba a ɗora mai ciki a kan babur. In motar nan ta tashi, sai gobe. Ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Ta sake yi. A na uku ta kama.

Ban san na tashi ba. Sai ganina na yi a tsakar kwatas, babu takalmi, babu mayafi, cikina a fili a gaban yayan mijina da duk wanda ya leƙo, na dafa ƙarfen motar.

"Yaya," na ce. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba. "Yaya, ba shi motsi. Tun azahar ba shi motsi."

Ya kau da fuska, ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar. Maman Yohana ta biyo ni da mayafi ta yafa mini, ta shiga ta zauna tsakanina da shi. Babanku ya haye baya cikin buhuna.

Hanyar duk ruwa ya kwanta a ramuka, kowane rami sai na riƙe cikin da hannu biyu ina jiran ko girgizar za ta tashe shi. Motar warin albasa take, ga warin gam a gashina da fatata, na yi ta yunƙurin amai babu abin da ke fita. Maman Yohana tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ni ina tawa, hannunta a cikin nawa. Baffanku kuwa tsoro ya juye masa zuwa faɗa. Tun daga fitarmu Maiyama yake dukan sitiyari.

"Tukur! Wanga maci amana! Ya san guba ta, yaz zuba muna cikin ɗaki yat tahi abinai! Wallahi in wani abu yas samu ɗiyan ga, sai na kai shi gaban alƙali!"

Na ji shi, na kuma yi shiru. Ƙarfin halin da na samu a tsakar kwatas ya ƙare a can. Daga wannan rana Baffanku bai bar rumfa ko tasha da bai ba da labarin ba, kuma sauran ɗakunan kwatas da aka yi wa Malam Tukur alkawari duk aka ba wani. Na ji an ce Malam Tukur ya zo har sakatariya ya tambayi jikina, ya ce shi dai ya yi tambaya. Babanku ya kasa fitowa ya gan shi. Wannan nauyin ni da babanku muka ɗauka, shi har ya koma ga Allah.

Rana ta yi ja muka shiga Jega. Aka tsayar da maza a waje. Sistar da ke aiki babbar mace ce mai furfura a goshi, da ɗan agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Tana matsowa ta ja hanci.

"Wannan kuma fa? Fetur kika sha?"

Maman Yohana ta yi mata bayani a gurguje. Sista ta duba idona, ta auna jinina, ta sa na hau gado ta yaye zanen.

"Yaushe rabon ki ji shi? Kada ki yi mini kunyar nan taku, ba ni da lokacinta."

"Kafin azahar."

Ta duba agogo. Ta lalluba cikin da tafin hannu, sama da ƙasa, ta ɗauko wani ɗan ƙaho na ƙarfe mai faɗin baki, ta kafa a gefen cibiyata ta ɗora kunne. Ƙarfen sanyi ƙalau. Ina kallon ƙeyarta. Ta ɗaga, ta matsar da shi ƙasa. Ta sake ɗagawa, ta koma hagu. Wata mata tana nishi a gadon kusa, wani yana jan bokiti a baranda.

"Ku yi mini shiru a wajen nan!" ta daka tsawa.

Wurin ya yi tsit. Ta danna ƙahon har na ji zafi. Na daina numfashi, na rufe ido, na ce ya Allah ni na yi, ni ka kama, shi bai san komai ba. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Na buɗe ido. Kunnenta yana kan ƙahon, idonta yana kan agogo, ɗan yatsanta kuma yana bugun hannuna, taf-taf-taf-taf, da sauri, da sauri ƙwarai, kamar gudun ɗan tsako.

"Kin ji wannan?"

"Mene ne?"

"Zuciyarsa ce. Yadda nake ji haka nake buga miki." Ta ci gaba har agogon ya zagayo, sannan ta ɗago. "Daidai take, ba ta gaza ba, ba ta wuce ba. Ya sha wahala dai, ya lafe. Za ki kwana nan in riƙa saurare, kuma ɗakin nan ba ki sake shigarsa. Amma ke da shi kun tsira, yarinya. Saki ranki."

Maman Yohana ta zube a ƙasa ta rufe fuska. Daga masallacin da ke bayan katanga aka tayar da kiran magariba. Sista ta juya za ta fita ta gaya wa maza, na riƙo gefen rigarta.

"Sista, don Allah. Ƙara buga mini."

Ta harare ni, ta yi tsaki. Sannan ta mayar da ƙahon, ta sunkuya, ta kama hannuna.